Ajayi Crowther, yaron da aka musanya da doki ya mutu yana bishop

Cikin wannan fili namu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau za mu gangara kudu ne, can ƙasar Yarbawa, mu ɗauko maku labarin wani mutum da ya rasu tun 1891, wato Samuwel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop cikin ikilisiyar Angilikan. Mun san akasarin masu karanta wannan shafi musulmi ne, shi kuwa kirista ne har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma tsoro bai tambayar addinin mutum kafin ya shiga zuciyarsa. Duk wadda ta taɓa kwana ido biyu saboda bashin da za a zo karɓa da safe, ko wanda ya taɓa ɗora jarinsa kaf bisa mota guda ya zauna jiran labari, ya san abin da muke nufi. Tsoron da wannan bawan Allah ya gani tun yana yaro ya fi gaban na bashi, kuma yadda ya ƙare da shi ne ya sa muka ga labarin ya cancanci a ba da shi.

An haifi Ajayi wajejen 1809 a wani gari mai suna Oshogun, kusa da Iseyin. Lokacin daular Oyo ta fara tsagewa, yaƙi ko'ina, kuma ganimar da ta fi kowace tsada ita ce mutum. Wata safiya a farkon 1821, mata na tsakar haɗa abin karin kumallo, sai ihu ya tashi: mahara sun kewaye gari. Runduna ce ta haɗin gambiza, Yarbawan Oyo da Fulani. Ganuwar ta yi wa mazan garin faɗi, ba su iya tsare ta duka ba, cikin ƴan sa'o'i aka kutsa aka sa wuta. Uban Ajayi ya shigo gida da gudu ya umarci iyalinsa su tsere, ya juya ya koma wurin faɗa. Ganin ƙarshe ke nan da suka yi masa. Ba su yi nisa ba aka jefa masu igiya a wuya kamar awaki, shi da uwarsa da ƴan'uwansa mata biyu, ɗaya jaririya ce a goye.

Daga nan labarin ya koma na kasuwa, kuma ku ne za ku fi kowa gane shi. Da aka raba ganima, yaron ya faɗa hannun wani shugaban mahara, shi kuma nan take ya ba da shi ya karɓi doki. Bayan wata biyu dokin bai gamsar ba, aka warware ciniki, doki ya koma wurin mai shi, yaro ya dawo. Wannan warwarewar ciniki ta sa ya sake haɗuwa da uwarsa a wani gari na tsawon wata uku. Rannan da yamma aka ce ya bi wani mutum za su je karɓo kuɗi a wani gida, ashe ayarin bayi aka tura shi. Da gari ya waye yana kan hanyar kasuwar Ijaye, bai ko yi sallama da uwarsa ba.

Wata mata mai fatauci ce ta saye shi. Ba ta gallaza masa ba, har yakan yi yawo da ɗanta. Amma ya ji tana zancen za ta gangara bakin teku sayen taba, kuma kowane bawa na wancan zamani ya san ma'anar wannan zance: za a sayar da shi ga Turawan Fotugal, waɗanda babu wanda suka taɓa ɗauka ya dawo. A nan tsoro ya kama shi irin wanda ke cin jiki. Ya daina cin abinci, atuni ya kama shi, ya rame. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya yi ta ƙoƙarin kashe kansa cikin dare, abin ya faskara. Yaro ne da bai wuce shekara 13 ba. Da matar ta ga hajarta na lalacewa, sai ta yi abin da mai haja ke yi, ta yi maza ta rabu da shi kafin ta yi asara. Ya yi ta canza hannu daga kasuwa zuwa kasuwa, a wani wurin ma da taba da barasa aka musanya shi, har aka iso da shi gaɓar ruwan Ikko.

Ɗan tudu ne, bai taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Ya ƙame a bakin gaɓa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, sai da aka ɗauke shi cak aka jefa cikin kwale-kwale, ya dunƙule tsakanin buhunan hatsi. Ku riƙe wannan tsoron ruwa, za mu dawo kansa. A Ikko ya ga Bature karon farko, jikinsa na ɓari lokacin da ake lalube shi don a ga ko lafiyayye ne. Aka zura masu sarƙa guda a wuya, manya da yara tare, cikin ɗakin da babu taga. In manya suka fusata ko suna neman wurin kwanciya sai su fizgi sarƙar, wuyan yara ya sha. Haka suka yi wata huɗu. Ranar 7 ga Afrilu 1822 aka loda su, su 187, cikin jirgin ƴan Fotugal.

A ranar ce da yamma jiragen yaƙin Ingila biyu masu farautar ƴan cinikin bayi suka tare jirgin. Ingila ta riga ta haramta wannan ciniki tun 1807, amma wa zai gaya wa yaron Oshogun haka? A ganinsa wasu Turawa ne suka ƙwace su daga hannun wasu, kuma waɗannan sun fi muni tunda ga takubba. Da aka kai shi tare da wasu yara biyar cikin jirgin da ake kira Myrmidon, sai suka hangi wani nama a rataye ana shanya, ga kuma wasu abubuwa baƙaƙe mulmulallu a jere. Nan take suka yanke cewa naman na abokan tafiyarsu ne, mulmulallun kuwa kawunansu. Sai da suka matsa kusa suka ga kofato a jikin naman, alade ne, kawunan kuma duwatsun igwa ne na ƙarfe. Abin dariya ne yanzu. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, kuma ba duka tsoron nasu ne na banza ba: wani jirgin da aka zuba sauran bayin ciki ya nutse cikin hadari da mutum sama da 100.

A watan Yuni 1822 aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda Ingila ke zube bayin da ta ƙwato. Yarbawan da suka riga su zuwa suka tabbatar masu cewa sun zama ƴantattu. Duk da haka, ranar da aka ce su je kotu su ba da shaida bisa Baturen da ya saye su, ƙi suka yi, suna jin mai da su za a yi hannunsa, sai da aka tilasta masu.

An ba da Ajayi ga wani malamin mishan da matarsa a ƙauyen Batas. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi sassaƙa. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin majami'a na Landan, Samuwel Crowther. A 1827 shi ne ɗalibi na farko da aka rubuta a kwalejin Fura Be. Ya auri wata yarinya mai suna Asano wadda aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi kamarsa, suka zauna tare shekara wajen 50.

To, ina tsoron ya tafi? Mu dai abin da muka fahimta daga rubuce-rubucensa shi ne, bangaskiyar da ya samu ta sake masa lissafin abin da ya faru da shi. A da yana ganin kansa haja ce da ke yawo hannun duk wanda ya fi ƙarfi. Yanzu ya gaskata cewa akwai hannun da ke bisa duk waɗancan hannuwa, kuma bai taɓa sakinsa ba, ko ranar doki, ko daren da ya so ya kashe kansa. Cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1837 ya kira ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki, ya kuma kira ta ranar albarka, don a ganinsa ita Allah ya zaɓa ya fara tafiyar da ta kai shi ga sanin Almasihu. Duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka sayar da araha, ba zai rasa gane irin wannan lissafi ba. Kada a ce ya wanke cinikin bayi ne. Ya yaƙe shi iyakar rayuwarsa. Abin da ya ƙi shi ne ya bar ranar nan ta ci gaba da mulkin zuciyarsa.

Gwaji ya zo a 1841. Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu hayaƙi su hau kogin Kwara, wannan dai kogi namu da ya ratsa Yamai da Gaya kafin ya shiga Najeriya, don ƙulla yarjejeniya da sarakuna a bar cinikin bayi a koma na auduga da manja. Aka nemi Ajayi ya bi su. Yaron da sai da aka ɗauke shi cak aka sa a kwale-kwale, yanzu da ƙafarsa ya shiga jirgi zuwa ƙasashen da ake kama irinsa. Tafiyar ta zama makabarta. Masassarar cizon sauro ta kwantar da kusan kowa, cikin Turawa wajen 150 kimanin 40 suka mutu. Shi ya yi ta jinya, yana tafinta, yana rubuta abin da ya gani har Eggan ta ƙasar Nufe. Abokin tafiyarsa wani fasto ne Bajamushe mai suna Shon, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa da taimakon wani yaro namu, Dorugu, ɗan Dambanas ta wajen Kance.

Abin da ya rubuta a wannan tafiya ya sa aka kira shi Ingila, aka naɗa shi limamin majami'a a 1843. A 1846 ya isa Abekuta don buɗe mishan. Makonni kaɗan da zuwansa aka gaya masa uwarsa na raye a wani gari kusa. Ranar 21 ga Agusta aka kawo masa ita, shekara 25 bayan rabuwarsu. Ya rubuta cewa ayar da kalandarsa ta tsara wa wannan rana ta Zabura ce, mai zancen Allah mataimakin marayu. Tsohuwa na rawar jiki, ta riƙe hannunsa tana kiransa da sunayen da kakarsa ke kiransa da su yana ƙarami, suka zauna suna kallon juna, baki ya kasa magana. Ƴan'uwansa mata biyu ma an same su. Uwar, Afala, ta karɓi baftisma a 1848 da sunan Hannatu, ta kuma rayu har 1883.

A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta a fadar Winsa yana nuna masu taswira, yana bayanin yadda cinikin bayi ke tafiya a Ikko. Bai ma san matar da ta shigo ita ce sarauniyar ba sai da ya ji yadda ake gaishe ta. Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta: irin wannan shaida tasa na cikin abin da Ingila ta kafa hujja da shi ta yi wa Ikko ruwan igwa a ƙarshen shekarar, ta tuɓe sarki Kosoko. Cinikin bayi ya mutu a garin, amma bayan shekara 10 garin kansa ya zama mallakar Ingila.

Sauran rayuwarsa bisa ruwa ya yi ta. A 1854 ya bi likita Baiki suka hau Binuwai, wannan karo kowa na shan kinin, ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 ya kafa mishan a Anacha, suka ci gaba zuwa arewa da niyyar isa Sakkwato, sai jirginsu ya daki dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka tsira da rayukansu, suka kafa bukkoki a gaɓa. Maimakon zaman jugum, sai ya shiga koyon Nufanci, har ya fitar da littafin koyonsa daga baya. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko tare da takardun da ya shekara 11 yana tarawa bisa harsuna da fassarar Littafi Mai Tsarki. Wanda ya taɓa tsayawa bisa tokar rumfarsa ya san wannan zafi. Ya sake ɗaukar alƙalami daga farko, kuma a 1884 Littafi Mai Tsarki ya kammala da Yarbanci, aikin da shi ne ƙashin bayansa. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan ruwa mai suna Lik, shi ne kyaftin ɗin jirgin nan mai naman alade.

Bayan shekara uku, a Satumba 1867, yana tafiya cikin kwale-kwale da ɗansa Dandeson, wani basarake na wajen Ida mai suna Abokko ya tare su, ya kwashe kayansu, ya tsare su. Abokko na jin haushin cewa ƴan kasuwar Ingila na wuce shi ba sa ba shi komai, kuma ya ɗauka bishop ne mai jiragen. Ya yanka kuɗin fansa: buhu 1000 na wuri. Mutumin da aka taɓa yi wa kuɗi da doki guda, ga shi an sake yi masa kuɗi yana da furfura. Kwana wajen 10 suka yi a tsare. Bai yi zagi ba, bai yi alkawarin abin da ba shi da shi ba, ya tsaya kan cewa shi malamin addini ne, ba shi da jirgi ba shi da haja. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, Wiliyam Fel, ya zo da jirgi, ya ƙi biyan ko wuri ɗaya, ya ce su ruga cikin kwale-kwale. Aka bi su da kibau. Bishop da ɗansa suka tsira, Fel kuwa kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu kafin su kai Lakwaja. Ajayi bai bar hawa kogin ba.

Wani abin da ya kamata mu tsaya kansa shi ne zamansa da sarakunan musulmi. Mutumin da musulmi na cikin waɗanda suka ƙone garinsu, da ya riƙe ƙullaci ba za a yi mamaki ba. Amma ya yi ta zuwa Bida wurin Sarkin Nufe Masaba, ana karɓarsa da mutunci. A 1872 a fadar Ilori, gaban sarki da malamai, aka yi masa tambayoyi bisa Isa ɗan Maryama da Mala'ika Jibrilu. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye nasa ba. In an tambaye shi sai ya buɗe Linjila ya karanta abin da ta ce ya tsaya nan. Aka rabu lafiya bayan ya yi wa sarki da jama'arsa addu'a. Amincin ya kai har wajen tsakiyar shekarun 1880 Sarkin Nufe Maliki ya aika da wasiƙa da Hausa, yana neman bishop ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a daina shigo da barasa ƙasarsa don tana lalata mutane. Sarkin musulmi ke nan ya zaɓi limamin kirista ya zama bakinsa.

Jarrabawar ƙarshe daga cikin gida ta fito. Babban mai goyon bayansa a Landan, Henri Ben, ya rasu a 1873. Kamfanonin Turawa suka haɗe a 1879 suka fara ture ƴan kasuwa baƙaƙe daga kogin, kuma irin wannan iska ta shiga mishan. Wasu samarin Turawa suka zo da zafin kai, suna ganin baƙar fata bai isa ya shugabanci aiki ba. Biyu daga cikinsu, Buruk da Robinson, sun zauna Lakwaja sanye da riga da rawani suna shirin shiga ƙasar Hausa. Zargin da suka yi ba duka ne ƙarya ba. Wasu ma'aikatan bishop sun shagala da fatauci, wasu sun aikata abin kunya, shi kuma yana zaune Ikko, nesa, ga taushin hali. Ya fi son ya yi wa mutum nasiha sau goma da ya kore shi sau ɗaya. A ganinmu nan ne rauninsa yake. Amma yadda aka yi da shi ya wuce gyara, ya zama cin mutunci. A taron Anacha na Agusta 1890 aka dakatar da fastoci baƙaƙe a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, kuma waɗanda suka yi hakan sa'o'in jikokinsa ne. Tsoho mai shekara 80 da ƴan kai ya ajiye shugabancin kwamitin. Bai fasa ikilisiyar ba, ko da yake da ya yi kira da dubbai sun bi shi. Ya koma shirya yadda majami'un bakin teku, irin su Boni, za su riƙe kansu da kuɗinsu.

Matarsa ta riga shi tun 1880. A tsakiyar 1891 shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai da aka yi shekara wajen 60 kafin a sake damƙa wa baƙar fata cikakken jagorancin wani yanki na ikilisiyar a ƙasar. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, shugaban Angilikan na lokacin, Jastin Welbi, ya tsaya a majami'ar Kantabari ya bayyana nadama a fili bisa abin da aka yi masa. Waɗanda suka daɗe suna fatauci tsakanin Maraɗi da Kano kuwa sun sha riƙe jininsa a hannu ba su sani ba: mutumin nan mai gashin baki da ke jikin tsohuwar takardar naira ɗaya, Habat Makoli, jikansa ne, ɗan ɗiyarsa Abigel.